Loma Biyu a Langar Inna Tambaya

Fakku, ƙasar Kebbe
Bayan ƙaramar Salla

Zuwa ga taubashiyata Khairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Siddiƙ da yara da matan da kike koyarwa a Islamiyya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwoyina da suka juya mini baya, kin dai san halinsu. Takarda na rubuto saboda wayar gidan nan a aljihun maigida take wuni, kuma kafin a samu sabis sai an hau tudun bayan gari. Ni kuwa da hawan tudu mun yi hannun riga. Mansur mai hatsi zai miƙo miki ita in ya shigo kasuwar Tambuwal.

To Hajiya 'yar Masar, sannu da dawowa. Wata nawa da saukarki, amma sai a bakin mutane na ji cewa ƙaninki Jamaluddeen ya kai ki Masar an yi miki aikin rage ƙiba. Ni da kakana yake wan kakarki, ni da muka tashi ɗaki ɗaya a hannun Inna Tambaya a Sanyinna, ni ce ta ƙarshen ji. Ɗiyata Hauwa'u ce ta nuna mini hotonki a wayarta. Na ce wace yarinya ce wannan ta ari gyalen Khairiyya? Ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Yadda na fahimci abin, kwantar da ke suka yi suka feɗe kitsen kamar na ragon layya suka ɗinke. To kitsen ina suka kai shi? Da kin taho mini da shi tsaraba, tunda ni dama ma'ajiyarsa ce.

Wasa nake yi, amma ba duka ba ne wasa. Na ji kishi, kuma ba zan ɓoye miki ba. Kin tuna yaran Sanyinna suna bin mu suna kiran randuna biyu? Ban taɓa jin ciwon sunan ba, saboda mu biyu ne. In an yi dariya, rabi taki rabi tawa. A mota kuɗin mutum huɗu ake karɓa a hannunmu, mu biya muna zagin direba tare. Yanzu kin zame kin bar randa ɗaya a rana, ko sallama babu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Hauwa'u tana nan wurina goyon ciki, haihuwa yau ko gobe. Da ta sauka zan aiko miki. Ki zo suna, zumunci a ƙafa yake, ga shi yanzu ƙafar taki ta samu sauƙin kaya. Langar Inna Tambaya mai tabo a baki tana nan a kan jerena. Tun da aka yaye mu, duk haɗuwarmu sai mun sa hannu a cikinta tare. Zan yi tuwon dawa da miyar sure da busasshen kifi, in kwarara man shanu, in ga ko 'yar Masar ta manta da loma.

Taki,
Suwaiba

*

Tambuwal

Zuwa ga Suwaiba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Malam yana gaishe ku. Allah ya sauki Hauwa'u lafiya.

Ki yafe mini rashin sanar da ke. Abin ya zo da gaggawa, sukari da hawan jini sun taso ni gaba, likita ya ce in ba a yi wani abu ba gwiwa da ido duka za su tafi.

Zan zo suna in Allah ya yarda. Amma don Allah kada ki wahalar da kanki da girki saboda ni.

Kin ce kin ji kishi. Da ma ni ce ke, Suwaiba.

Khairiyya

*

Fakku
Bayan sunan jikata

Khairiyya,

Ina gaisuwa, don gaisuwa wajibi ce. Mai jego da jaririya lafiya. Ni ce dai ba lafiya ba, kuma kin san dalili.

Da na karanta gajeruwar takardarki na ce a raina, to, rubutun ma ya rame. Kin ce kada in wahala da girki, na ɗauka kara ce. Kin ce da ma ke ce ni, na haɗiye na ce zolayar taubasai ce, ko da yake ta yi zafi. Wa ya taɓa sha'awar zama randa? Ashe somin taɓi ne.

Bari in tuna miki abin da ya faru, ko da iskar Masar ta ɗauke miki shi. Kin sauko daga mota mata suka yi miki caa, ana taɓa ki ana salati. Ni ina gefe da muciya a hannu, gumi yana bin wuyana, ba wanda ya ce Suwaiba sannu da aiki. Da aka kira azahar na gan ki kin kai goshinki ƙasa kin miƙe ba ki dafa bango ba. Ni ina kan kujerata ta roba ina nuni da kai, yadda muka daɗe muna yi mu biyu. Wallahi sai da na rasa raka'ar da nake ciki. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba laifinki ba ne, amma ina so ki san na gani.

Sai tuwo. Na ware namu daban, ban bari kowa ya taɓa tukunyar ba. Na wanke langar Inna da kaina, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida gaban kowa, don a ga cewa duk da Masar ɗin, Khairiyya tawa ce. Kika sa hannu. Loma ɗaya, kika daɗe kina juya ta a baki kamar magani. Loma biyu. Na juya in amsa wa wata barka, ina waiwayowa na ga kina wanke hannu.

A langar Inna, Khairiyya. Ke da sai na buge hannunki kafin in samu kan kifi.

Da a nan abin ya tsaya da na ce yanga ce ta masu sabon jiki. Sai ga maƙwabciyata Mas'uda ta zo ta tsaya a kaina, ba ta ko rage murya ba, ta ce, "Ke Suwaiba, mi kinka sa ma tuwon ga? Na ishe baƙuwarki bayan rumbu tana maido shi duka." Wata tsohuwa ta karɓe, "Wadda ta ci tuwon mutum tat tai ta amaye shi a ɓoye, ai ta san abin da taka gudu." Kin san ma'anar wannan a wurinmu, ba sai na fassara miki ba. Kin nuna wa Fakku kina tsoron na yi miki barbaɗe.

Na faɗa miki ina kishinki da hannuna na rubuta. Shi ne kika ɗauka zan sa miki wani abu a abinci? Mai niyyar sammu ba ya aiko da takarda tukuna.

Kafin la'asar kin shige mota, kin bar mini ƙullin kaya a ɗaki. Na buɗe, sai ga tsofaffin rigunanki na lokacin ƙiba, har da shuɗin leshin da kika sa a bikin Hauwa'u. Na gode. Na gane saƙon: ke kin fita, ga masu zama a ciki.

Ina jiran bayani.

Suwaiba

*

Fakku
Tsakiyar damina

Khairiyya,

Ina fatan kuna lafiya. Nan ruwa ya zauna, gero ya fitar da kai, jaririya ta fara dariya.

Mansur ya je Tambuwal ya dawo, ya je ya dawo, hannunsa wayam. Na tambaye shi ko ya ba ki takardar. Ya ce Malam Siddiƙ ya karɓa a zaure, ya ce kina ciki kina hutawa. Hutawa! Mu da muke ɗauke da kayanmu a jiki ba mu huta ba, sai ke da aka sauke wa.

Tunda ba ki tambaya ba, bari in ba ki labarin abin da kika bari a baya. Kin san al'adarmu, in an sauke tukunya ana aika kwano gidan maƙwabta. Nawa yanzu dawowa yake yi a rufe yadda na aika shi, a ce sun gode sun riga sun ci. Yaran da ke cika mini tsakar gida in na yi dambu, iyayensu sun hana su. Jiya na ji wata tana ce wa ɗanta a bakin rijiya, "Kak ka amshi komi gidan ga." Ni Suwaiba, da ban iya komai a duniya ba sai ciyar da mutane.

Ke kuwa na ji labari har daga Jabo ana maganar kyan da kika yi. Kin samu ƙani mai ɗauke ki a jirgi, kin samu miji mai tsare miki ƙofa, kin samu goshi a ƙasa. Duk wannan bai ishe ki ba sai da kika haɗa da sunana. Kullum na zauna a kujerar salla sai na tuna ki, kuma ba tunawar alheri ba ce. Ina istigfari, abin yana dawowa.

Ga kayanki nan na mayar, Mansur zai ajiye a zaure. Ki ba wata randar. Langar Inna kuma na kife ta a ƙarƙashin gado. In wannan ma ba ki amsa ba, zan ɗauka kin yanke, ni ma in yanke.

Suwaiba

*

Tambuwal
Farkon kaka

Suwaiba, taubashiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigida da Hauwa'u da 'yar jaririya. Yara lafiya, Malam lafiya. Ni ba lafiya ba, kuma yau ne karon farko da na rubuta haka ga wani mahaluƙi.

Takardunki biyu suna cikin dardumata. Na karanta su har sun yi laushi. Na sha ɗaukar biro in ajiye. Ba girman kai ba ne. A watannin nan ko tashi in yi wanka sai na yi ta shawara da kaina kamar wadda za ta yi tafiyar Kano a ƙasa.

Kin ce loma biyu na ci. Uku na ci. Ta ukun lokacin da kika juya ne.

Ba kitse suka feɗe ba, Suwaiba. Tumbina suka yanke suka fitar da mafi yawansa. Abin da suka bar mini bai fi ayaba ba, kuma ba ya tsirowa. Loma biyu ta tuwo ita ce iyakata, ita ma sai na tauna ta ta zama ruwa. Na san haka sarai da na zauna a tabarmarki. Amma na ga yadda kika wanke langar, na ga fuskarki, na ga kin tura mini kan kifin gabana, abin da ba ki taɓa yi ba tun muna yara. Sai na ce bari in ƙara ɗaya don Suwaiba. Ita ce ta tsaya mini a ƙirji kamar dutse. Na nemi bayan rumbu don kada in kunyata ki a gaban baƙinki, ashe can ne kunyar take jira.

Me ya sa ban faɗa ba? Ki duba inda muke. Mutane suna noma shekara guda don su cika ciki, ni kuma an hau da ni jirgi an je an rage mini nawa. Da wane baki zan faɗi wannan a tsakar gidan suna? Na bar kowa a kan zancen kitse saboda ya fi sauƙin ji. Nan Tambuwal ma masu cewa na yi kyau a gabana, a bayana cewa suke ciwon zamani ne ya kama matar Malam.

Sukarin ya sauka, gaskiya ne. Gwiwa ta yi sauƙi, ina sujada, na gode wa Allah. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gashina yana zuba a matajin kai. Fatar hannuna ta saki kamar rigar aro. In na wuce madubi sai in ga wata baƙuwa da idona a fuskarta. Autana ya zo zai kwanta a cinyata kamar yadda ya saba, ya ɗaga kai ya ce, "Umma, ina kinka kai taushin?" Na yi dariya, da ya fita na yi kuka har la'asar.

Kin fi kowa sanin yadda muke. In rai ya ɓaci, mu dama fura. Ranar da Inna ta rasu ma sai da muka cinye langa guda muna hawaye, sannan muka iya magana. Yanzu in baƙin ciki ya zo ba ni da inda zan kai shi. Yana zaune, ina zaune. In na ji ƙamshin girki gabana ya yi ta faɗuwa. In aka kawo goron biki, tun ranar nake fara tunanin kwanon da za a ajiye a gabana da idanun da za su ƙirga lomata. Na daina zuwa ko'ina. Islamiyya ma na bari, ni da ban taɓa fashi ba. Wani lokaci sai in ce ko na taɓa halittar Allah ne ake hukunta ni. Malam ya zaunar da ni ya ce neman magani ne, babu laifi a ciki. Kaina ya yarda, zuciyata ta ƙi.

Da ya ga addu'a muna yi abin yana gaba, ya kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa a Sakkwato. Na yi ta jin kunya, na ce ni ba mahaukaciya ba ce. Likitan ya ce ba hauka ba ne, ciwon damuwa ne, yana samun wasu bayan irin wannan aiki, kuma ana warkewa. Ya ba ni magani, ina komawa muna magana. Shi ya sa yau hannuna ya iya riƙe biro. Ya ce kada in riƙa cin abinci ni kaɗai a ɗaki, in samu wanda ba na jin nauyinsa mu zauna tare. Na duba duniya kaf, mutum ɗaya na gani, ita kuma ta kife langa.

Kina kishin goshina. To ni ranar sunan nan, ina kallon ki kin yanko loma kin zagaya ta cikin miya, man shanu yana bin yatsunki kin lashe, wallahi ƙyashi ya kama ni har na ji haushinki. Kina dariya da dukan jikinki, kowa ya san ke ce Suwaiba. Da na rubuta da ma ni ce ke, ba zolaya ba ce.

Kayan kuma, ba na iya ganin su, ba na iya ba wa bare. Ƙamshin Khairiyyar da na sani a da yana jikinsu. Na so su zauna wurin wadda ta san ta.

Abin da aka yi miki a Fakku ni na jawo. Ki karanta wa Mas'uda wannan takarda, ki karanta wa duk mai kunne. Gara a yi da ni da a hana yara cin dambunki.

Taki ko kin yanke,
Khairiyya

*

Fakku

Khairiyya, 'yar ayaba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki gaida Malam, ki ce na yafe masa tsaron ƙofa, ki gaida autanki mai neman taushi, ki ce masa taushi yana hanya.

Na karanta takardarki a bakin murhu. Miya ta ƙone ban sani ba, sai da Hauwa'u ta fito da gudu. Na ce mata hayaƙi ne ya shiga idona.

Ke dai ba ki da wayo tun asali. Ki ce mini cikina ya zama ayaba, shi ne abin wuya? Da na yi miki dariyar kwana biyu, na dama miki kunu, an wuce wurin. Kika zaɓi ki shaƙe kanki da tuwona.

Kada ki ɗauka kishin ya tafi. Yana nan. Gobe in na gan ki kin yi sujada zan ji shi, kuma zan faɗa miki. Ke ma in kin ga ina lashe yatsa ki ji naki ki faɗa mini. Sai mu raba, rabi naki rabi nawa, kamar dariyar yaran Sanyinna.

Takardarki kuwa ba wanda zai ji ta. Na kai ƙofar Mas'uda da ita a hannu, har na yi sallama. Sai na tuna matar nan in ta ji abu da hantsi, kafin azahar ya kai Kebbe, kafin magariba yana Tambuwal. Da ta fito na ce rariya na zo aro. Su ci gaba da mayar mini da kwano, ba a kansu na fara cin abinci ni kaɗai ba. Cikinki naki ne. Ranar da kika ji ƙarfi, ki zo Fakku ki faɗa da bakinki in kin so, ko kuma ki zauna a tabarmata kawai su gani.

Zan biyo motar Mansur ranar kasuwa mai zuwa, ya ce zai ba ni gaba ni kaɗai. Na gaya wa maigida ba ranar dawowa. Ki tambayo mini abin da likita ya yarda ki ci, in farfesun kifi ne in kunu ne, ni zan dafa. Ranar komawarki Sakkwato tare za mu je, in zauna a waje in jira ki, in kuma an bar ni in shiga, ina da tambaya a kan gwiwoyina.

Ki fito mini da kayan nan. Shuɗin leshin na gwada shi kafin in mayar, kamar don ni aka ɗinka.

Na ciro langar Inna daga ƙarƙashin gado na wanke ta. Ga sharaɗina. Ki ci lomarki biyu, ki wanke hannu a gabana, ba sai kin nemi bayan rumbu ba. Ta ukun, da duk abin da ya biyo bayanta, nawa ne. Kan kifin da na tura miki ma na janye.

Taki,
Suwaiba